Zanen Goyon Sharifa

"Hajiya, ki ɗan sunkuyar da kai, kamar kina tuna su."

Abdulhafiz ne yake faɗa wa Sharifa haka. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya a tsakar gidanta, kyamara a fuskarsa, takalminsa a kan tabarmar da take sallah. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta ina kallonsa. Sharifa ta dube shi, ta dube ni. A lokacin ta rame sosai, har sai da ta naɗa wa zobenta zare don kada ya zame.

"Kamar ina tuna su," ta ce. "To da can me nake yi?"

Bai gane ba. Ya yi dariya, ya ce yawwa, haka ma ya yi kyau, kada ta motsa. A bayanta Ni'ima, yayar mijinta, ta ɗaga wani zane na haɗe-haɗen ƙyallaye da hannu biyu tana washe baki, sai ka ce ita ta ɗinka shi.

Ni Hajja Gana ake ce mini a Rijiyar Lemo. Iyayena daga Barno suka zo tun ban san kaina ba, sana'ata kuma haɗa turaren wuta da humra. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Kyari, mijin Sharifa. Wata damina katangar ta zube, da aka zo gyara muka ce wa magini ya bar mana ƙofa. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsince shi ba.

Kyari yana da shagon atamfa a Kantin Kwari. In ka tambayi 'yan kasuwa za su ce maka babu mutumin kirki irinsa, kuma ba ƙarya suka yi ba, don su a shago suke zama da shi. Sharifa ta shigo gidan tana yarinya mai yawan dariya. Samun ciki bai taɓa yi mata wuya ba, zamansa ne ya gagara. Wani ya zube tun bai fito ba. Wani sai ya girma ya fara shure-shure, ta kama hannuna ta ɗora a kai in ji, sannan wata safiya ta ji shiru. Ni nake raka ta asibiti, ni nake wanke zannuwan. Kyari ya biya magani, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Allah ya ba da mai tsayawa," ya gyara hula ya tafi kasuwa. Abu ɗaya ya iya: duk ranar da ta gaya masa ta samu ciki, da yamma zai shigo da turmin atamfa ya ce na goyo ne. Haka atamfofin suka taru a akwati, babu wadda ta taɓa bayan jariri.

Ita kuwa Ni'ima, duk ɓarin da aka yi sai ta zo dubiya da bakinta.

"Ke ma kin cika sa abu a rai. Ai ba mutum ba ne tukuna, gudan jini ne. Wa kika taɓa gani yana makokin gudan jini?"

In ta fita zaure kuma ta rage murya, amma ba ta ragewa yadda ba zan ji ba. "Wannan ai rariya ƙanena ya auro."

Akwai wanda ya kusa isa haihuwa, namiji, aka binne shi babu suna. Bayan shi ne na shiga na tarar da Sharifa ta buɗe akwati ta fito da atamfofin, almakashi a hannunta. Sai na ga ta yanki ƙyalle ɗaya, bai fi tafin hannu biyu ba, ta zura zare a allura ta fara ɗinki a kansa.

Ba ta zana fuska, ba ta zana mutum. Zare kawai take bi da shi. Na farkon, da'ira ce take ta shiga cikin kanta har ta ƙare a ɗigo. Wani ta cika shi da rawaya, ta ce lokacinsa ba abin da take kwaɗayi sai mangwaro. Na yaron nan kuwa, jan zare ne yake tafiya a karkace, ya yi sama ya yi ƙasa yadda yake shurinta, sannan a tsakiyar ƙyallen ya tsaya, ta bar sauran fili. Na daɗe ina kallon wannan filin. Da ta gama sai ta haɗa su gefe da gefe. Ta ce zanen goyonta ne.

A kasuwar Sabon Gari take sayen zare, wurin wata mata Adaeze, Ibo ce amma haihuwar Kano, Hausarta ta fi tawa fita. Adaeze ta tambaye ta me take yi da launi iri-iri kaɗan-kaɗan haka. Sharifa ta nuna mata. Ba a yi mako ba sai ga Adaeze a Rijiyar Lemo da wani yanki na zanen da take zuwa coci da shi.

"Nawa tagwaye ne," ta ce. "Ɗana Ugochukwu ya zo bayansu, kowa ya ce in gode wa Allah in manta. Na gode masa. Mantawar ce ban iya ba."

Sharifa ta karɓa ta ce, "Me kika fi ci a lokacin?"

Tambayar da take yi wa kowa ke nan, domin daga Adaeze abin ya bazu. Matan unguwa, waɗanda a gidan biki suke cewa matar Kyari ta taɓu, tana ɗinka wa matattu kaya, su ne dai suke sallama a gidana su ce turare suka zo saya. In ba su turaren, su yi ta jujjuya kwalbar, sannan su dubi ƙofar katanga. Ni kuma in ce, "Shiga, tana nan." Kowace da ƙyallenta a ƙarƙashin hijabi. Su fito idanu jawur, washegari in ji su a bakin famfo suna cewa Allah ya ba Sharifa lafiya. Zanen ya yi ta girma har ya fi gadonta faɗi.

Wata rana ta shanya shi a igiya don ya sha iska, Ni'ima ta shigo ta ɗauki hotonsa a waya ta tura wa ƙawayenta don a yi dariya. Hoton ya yi ta yawo har ya faɗa hannun Abdulhafiz. Shi yana da wata ƙungiya ta kula da lafiyar mata, wadda ban taɓa ganin mace a cikinta ba. Ya nemi Ni'ima, ya gaya mata abin nan manyan mutane za su so shi, har Turawa. A ranar haukan Sharifa ya warke a bakin Ni'ima, ta koma "matar ƙanena mai baiwa."

Abin da ya kawo shi tsakar gidan ke nan. Da ya gama ɗaukar hoto ya zauna a kujerar roba ya fara bayani. Za a yi baje koli a wani otal a Titin Ibrahim Taiwo. Za a rataye zanen a bango, a haska shi da fitila, a gayyaci 'yan jarida.

"Hajiya, labarinki zai ba mata da yawa murya. Za mu karya shirun nan."

"Wa ya ce maka shiru suke yi?" in ji Sharifa. "Nan suke zuwa su faɗa."

"Eh, amma duniya ba ta ji ba."

"Ba duniya suka gaya wa ba. Malam, zanen nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Kowace atamfa a cikinsa an san mai ita. An gan ta da ita a suna, an gan ta a biki. Akwai wadda mijinta bai san ta taɓa samun cikin ba. Ka yi haƙuri."

Ni'ima ta saki gefen zanen ya faɗi ƙasa. "Shekara da shekaru kina ɓarnar zare, yau Allah ya kawo ranar amfaninsa kina wani ja da baya."

Sharifa ta miƙa hannu ta jawo zanen, ta kakkaɓe ƙurar, ta naɗe shi a cinyarta. Abdulhafiz ya miƙe ya ce ba komai, ta yi tunani. Da zai fita ya ce mini, "Mama, turaren nan naki ma labari ne." Na ce masa ya kula da kwata a zaure.

Ciwon da ya rama ta ya samo asali daga ɓarinta na ƙarshe. Jini ya ƙi tsayawa, da aka duba aka ce ƙari ne a mahaifa, kuma ya riga ya yi nisa. Ba a daɗe da zuwan Abdulhafiz ba ta faɗi a bakin murhu, muka kai ta asibiti aka ba ta gado. Ina can ina jinya Ni'ima ta shiga ɗakin ta ɗauke zanen. Ta ce ta tambayi Kyari. Na kuma yarda ta tambaye shi, don na san amsar da zai bayar: ƙyalle ne, ku yi yadda kuka gani.

Adaeze ce ta zo da labarin. Ta shigo ɗakin marasa lafiya da hantsi, ta rufe shagonta a ranar ciniki, ta miƙo mini waya. Ga Sharifa a hoto kanta a sunkuye, ga zanen a baya, ga rubutun Turanci manya-manya. A gefen dama zanen cocin Adaeze ya fito sarai.

"Yau ne, bayan azahar," ta ce. "'Yan cocinmu sun fara turo mini suna tambaya."

Na so in ɓoye, amma Sharifa ta riga ta gani. Ana ƙara mata jini, leɓɓanta sun bushe. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon silin.

"Hajja, ku ɗauko mini shi. Amana ce."

"Ki bari ki samu sauƙi tukuna."

"Hajja," ta ce, ta dube ni yadda ta saba in na faɗi abin da ni ma ban yarda da shi ba.

Muka bar ta da wata ƙanwarta, muka tari adaidaita sahu. Ban taɓa shiga otal ba sai ranar. Sanyin ɗakin taron ya shiga ƙashina. An jera kujeru da fararen riguna, mata sun sha gwaggwaro suna riƙe da kofunan lemo, wani mai babbar riga yana jawabi a kan muhimmancin mace. Zanen yana bango, an kafe shi da ƙusoshi ta kusurwa huɗu, ɗaya ƙusar ta huda ƙyallen wata baiwar Allah da na sani. Wasu 'yan mata sun juya masa baya suna ɗaukar kansu hoto, suna turo baki. Ni'ima tana kujerar gaba cikin leshi, an manna mata takarda a ƙirji.

Abdulhafiz ya hango mu ya taho da sauri. "Mama, sannu da zuwa. Ya jikin Hajiya? Yanzu ma za mu yi mata addu'a ta musamman."

"Ta gode. Sauke zanen."

"Mama, ai an fara taro. Kuma iyali sun ba da izini."

"Wane iyali?"

Ya nuna Ni'ima. Ta taso tana murmushin da ake yi don mutane, ta kama hannuna ta ja ni gefe.

"Hajja, kada ki kunyata mu a gaban manya. Me aka yi? Suna ake nema mata."

Ban so in faɗi abin da na faɗa ba, amma ba ta bar mini wata hanya ba. Na juya ta ta fuskanci bango.

"Dubi can ƙasa, hannun hagu. Mai ruwan ganye da zanen fanka. Wa ya sayi atamfar nan?"

Ta duba. Na ga lokacin da ta gane. Ita da kanta ta zaɓo ta a shagon Kyari ta sa a kayan 'yarta Bintu, wadda aka aurar a unguwar Kwaciri. Bintu ta yi ɓari a shekarar farko, uwar ta ce ta rufe bakinta, a ce wa surukai zazzaɓi ne, kada su ce irin Sharifa suka ɗauko. Yarinyar ta rufe bakin, ta zo sayen turare.

"Uwar mijinta tana da waya," in ji Adaeze a hankali. "Kuma ta san zanen amaryarta."

Ni'ima ta cire takardar ƙirjinta. Ita ce ta je ta ce wa Abdulhafiz a sauke, da muryar da take yi wa masu aiki. Kada wani ya ce tausayi ne ya kama ta. Tsoron surukai ne, na san ta tun tana budurwa. Abdulhafiz ya yi ta magana a kan yarjejeniya da baƙin da suka zo daga nesa. Adaeze ba ta tsaya jin sa ba, ta taka kujera mai farar riga da takalminta, ta zare ƙusoshin da ɗan almakashin da ke jakarta. Mai jawabi ya yi shiru, sannan ya ci gaba. Wata mata ta tambayi ta kusa da ita ko wannan ma cikin shirin ne.

Da la'asar muka shimfiɗa wa Sharifa shi a kan gado. Ta bi shi da yatsu har ta kai inda ƙusa ta huda, ta tsaya.

"Wannan na Mercy ne, matar mai gyaran janareta. Ada, ki cike mata shi, zaren ruwan toka." Ta huta. "In na tafi ku warware. Kowa a ba ta nata. Ba na son su a hannun kowa bayana."

"Naki fa?" na ce.

"Nawa ku bar su a haɗe. Sun saba da juna."

Kyari ya zo bayan an tashi daga kasuwa, da ledar lemo da ayaba, abin da ta kwana biyu ba ta iya haɗiya. Ya tsaya a ƙarshen gado ya ce ya jiki. Ta ce da sauƙi. Ya dubi zanen kamar zai yi magana, sai wayarsa ta yi ƙara ya fita.

Washegari da hantsi ta cika. Ina riƙe da hannunta, ina maimaita mata kalmar shahada, tana bi da leɓe har ta daina. Aka kawo ta gida, ni da wata dattijuwa muka yi mata wanka, aka kai ta kafin azahar.

A zaman makoki babu wanda ya kai Ni'ima kuka. Duk wadda ta shigo sai ta gaya mata yadda suka shaƙu, da yadda ita ce ta fara gane baiwar marigayiya. Abdulhafiz bai zo ba, amma an nuna mini ya sa hoton nan na sunkuyar da kai a intanet, ya yi dogon rubutu a kan yadda rasuwar ta girgiza shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matan bakin famfo suka cika tsakar gida suna cewa Sharifa ba ta da abokin faɗa. Na zauna a cikinsu ina jan carbi.

Bayan sadakar uku ni da Adaeze muka zauna a ɗakina da reza. Ɗinkin Sharifa ƙanana ne, a matse, sai da muka yi kwanaki muna warwarewa. Na aika a ce sabon turare ya sauka. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowace na naɗe mata ƙyallenta tare da kwalbar. Wasu suka yi godiya, wasu suka karɓa kamar ba su san mene ne ba. Bintu ta zo da tsohon ciki, ta karɓi nata ta cusa a rigarta, ta tsaya tana kallon ƙofar katanga har na ce mata ta tafi gida rana tana yi.

Abin da ya rage shi ne na Sharifa, tsakiyar zanen, gefunansa duk zare a tsaye inda aka rabu da na sauran. Na ninke shi na ajiye a kan akwatina, ban san wa zan ba ba.

Wata Juma'a da yamma sai na ji sallamar namiji ta ƙofar katanga. Kyari ne. Tun da aka yi ƙofar bai taɓa bi ta cikinta ba, sai da ya sunkuya. Ya tsuguna daga nesa, muka gaisa, na yi masa ya haƙuri. Ya yi ta murza hularsa.

"Hajja, an ce abin nan yana wurinki."

"Wane abu? Ƙyallen?"

Na bar shi da tambayar har na ga ta ishe shi, sannan na shiga na ɗauko na miƙa masa. Ya warware shi a kan gwiwarsa. Mutumin da in ka nuna masa atamfa daga nesa zai gaya maka kamfaninta da shekarar da ta fito, ya dubi wannan kamar bai taɓa ganin yadi ba.

"Duk ni na kawo su," ya ce.

"Kai ka kawo."

"Wanne ne na fari?"

Na nuna masa da'irar. Na nuna masa mai rawaya, na gaya masa zancen mangwaro. Ya ce bai sani ba. Na ce ai ba ka tambaya ba. Ya kai kan mai jan zare da kansa, ya bi zaren da yatsa, sama da ƙasa, har inda ya tsaya.

"Wannan shi ne namijin?"

"Shi ne."

"Ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta. Ba shi da nauyi ko kaɗan."

Na tashi na zuba garwashi a kasko don magariba ta kusa. Da na waiwayo yana nan a tsugune, ya kama gefen ƙyallen da ba a yi wa ɗinki ba tsakanin babban yatsa da manuni, yana murzawa a hankali yadda suke yi a Kwari in suna duba ingancin yadi. Aka kira sallah a masallacin layinmu, bai tashi ba.